RIGAKAFIN YARA: TSAKANIN ZATO DA BINCIKE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu girma, malamanmu da iyayenmu mata, abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne mas'alar allurar rigakafin yara, da sabbin alluran da ake ƙarawa a cikin shirin rigakafi na ƙasa. Mas'ala ce da ta raba kan gidaje. Sau da yawa za ka tarar uwa tana so a yi wa ɗanta, uba ya hana, ko kuwa uba ya yarda, kaka ta ce sam ba a gidanta ba. Wanda ake wannan jayayya a kansa kuwa jariri ne, ba ya iya magana, kuma in an yanke hukunci ba daidai ba shi ne zai biya da ƙafarsa ko da ransa. Saboda haka wajibi ne mu yi magana da ilimi da adalci. Abin da za mu tsaya a kansa shi ne cewa shakkun da jama'armu suke da shi yana da asali, amma maganin shakku bincike ne. Barin yaro ba kariya ba ya warware shakkun kowa.

MENE NE RIGAKAFI, KUMA DAGA INA YA FARO?

Allah cikin hikimarSa Ya halitta wa jikin ɗan'adam dakarun da suke yaƙar cuta, Ya kuma ba su ikon riƙe kamannin abokin gabar da suka taɓa karawa da shi. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ya tashi, da wuya ya sake yin ta. Abin da rigakafi yake yi shi ne a nuna wa waɗannan dakaru ƙwayar cutar bayan an kashe ta, ko an raunana ta, ko kuma a nuna musu wani ɗan yanki nata, don su san ta tun kafin ta zo da ƙarfinta. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kumburin cinya da yaro kan yi bayan allura alama ce ta cewa jiki yana ɗaukar wannan darasi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi. Likitan nan Abubakar Ar-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, yana cikin na farkon waɗanda suka rubuta bambancin da ke tsakanin agana da ƙyanda. A birnin Santambul na Daular Usmaniyya, tsofaffin mata sukan ɗebo ɗan ruwan ƙurjin agana su saka wa yaro a tsaga, don ya yi mai sauƙi ya tsira daga mai tsanani. A can ne matar jakadan Ingila ta ga wannan dabara a shekarar 1717, ta kai ta ƙasarsu. Sai a 1796 ne Edward Jenner ya fito da hanya mafi aminci. Dattawan da ke cikinmu sun san agana, sun ga zanzanar fuska da makantar da take bari. A 1980 aka yi shelar kawar da ita daga doron ƙasa. Yau kuwa a cikin matasanmu akwai wanda bai taɓa jin ko sunanta ba. Haka nan makiyaya sun san ɓarnar da bushiya ta yi wa garkunan shanu, ita ma da allura aka ga bayanta a 2011.

SHIRIN RIGAKAFI NA ƘASA

A shekarar 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yi wa yara rigakafin cututtuka shida, su ne tarin fuka, shan inna, ƙyanda, mashaƙo, tarin shiƙa da tetanus mai sarƙe haƙora. Nijeriya ta shiga shirin a ƙarshen shekarun 1970. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aikin ya bunƙasa har aka ba da rahoton cewa a 1990 an kai ga kusan kashi 80 cikin 100 na yara. Daga nan sai abin ya yi ta ja da baya, saboda ƙarancin kuɗi da yankewar allurai da lalacewar ƙananan asibitoci. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na yara ne suka sami cikakken rigakafi. Mu lura da kyau, wannan faɗuwa ta faru ne tun kafin a fara gardamar shan inna. Wato sakacin hukuma ya riga ƙin jama'a zuwa.

Jadawalin da ake bi yana da sauƙin riƙewa. Da zarar an haifi jariri akwai na tarin fuka, da na ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Sai a koma a sati 6, da sati 10, da sati 14. Sai wata 9, lokacin na ƙyanda da na zazzaɓin shawara da na sanƙarau. Sai wata 15, a maimaita na ƙyanda. Zuwa shida ke nan, kuma a asibitin gwamnati ba a sayar da su. Wanda aka kai sau ɗaya ko sau biyu aka daina, kamar ɗaki ne da aka yi wa gini ba a yi masa rufi ba.

Duk da haka, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun nuna yara sama da miliyan 2 a Nijeriya ba a yi musu ko da allurar farko ta jerin da ake somawa a sati 6 ba. Babu ƙasar da ta kai wannan adadi a waccan shekara, kuma mafi yawan yaran a Arewa suke. 'Ya'yanmu ne, ba na wasu ba.

DAGA INA SHAKKU YA FITO?

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa jama'a ba haka kawai suka wayi gari da tsoro ba. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka shigar cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Haka kuma a 2011 ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafin ciwon hanta a garin Abbottabad na Pakistan don neman Usama bin Laden. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma a nan akwai abin da ya kamata a rarrabe. Trovan ba rigakafi ba ne. Magani ne da ake bai wa wanda ya riga ya kwanta, kuma a lokacin ba a gama tantance shi ba. Yaran da aka kai Asibitin Zana, sanƙarau ne ya kai su. Da a ce suna da kariya daga sanƙarau tun farko, da ba su faɗa hannun masu gwaji ba. Darasin 1996 shi ne a sa ido a kan duk abin da za a shigar jikin 'ya'yanmu, a kuma hana annobar da take mayar da iyaye masu karɓar duk abin da aka miƙo musu.

ABIN DA YA FARU A 2003

A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin Arewa, musamman Kano da Zamfara da Kaduna, bisa zargin cewa an gauraya shi da abin hana haihuwa. Aka kafa kwamitoci, aka tura wakilai Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya don a gwada maganin. A watan Yuli na 2004 Kano ta koma bayarwa, da maganin da aka samo daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. To, me ya faru a tsakani? Yaran da shan inna ta kama a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Ƙwayar cutar ta fita daga nan ta shiga ƙasashe kusan 20 waɗanda da sun rabu da ita, har da Sudan da Yaman da Somaliya da ita kanta Indunusiya. Mafi yawan yaran da suka gurgunce 'ya'yan Musulmi ne.

Shi kuwa zargin hana haihuwa, lokaci ya riga ya yi masa hukunci. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin suna goye a 2004, yau su ne suke goyon nasu. Arewa maso yamma da Arewa maso gabas, inda aka fi zagayawa gida-gida da wannan ɗigo, su ne har yanzu kan gaba a yawan haihuwa a ƙasar nan. Wannan hujja ce da kowa zai iya dubawa a cikin danginsa, ba sai ya je ɗakin gwaji ba.

Abin lura kuma shi ne yadda aka ci nasara daga baya. Ba da ƙarfin hukuma aka ci ta ba. A 2009 sarakunan Arewa, a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu na kula da wannan aiki, hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka shigo. An biya farashi mai tsada, domin a watan Fabrairu na 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, mafi yawansu mata. A 2016 aka ga na ƙarshen yaran da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Nijeriya, a Jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Wani zai ce, to don me aka ci gaba da zagayawa? Amsa ita ce, ɗigon da ake bayarwa yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A unguwar da yawancin yara suka karɓa, ba ta samun wurin zama. A inda aka bar yara da yawa ba kariya kuwa, takan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan ta hanyar bayan gida da gurɓataccen ruwa, har bayan watanni ta sake yin ƙarfi. Ashe ke nan ƙarancin karɓa ne yake haifar da wannan matsala.

SABBIN ALLURAI

Tambayar da ake yawan yi ita ce, me ya sa kullum ake ƙaro sabuwa? Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya. A 2011 aka kawo allurar sanƙarau nau'in A, wadda aka soma da ita a Burkina Faso da Mali da Jamhuriyar Nijar a ƙarshen 2010. An ƙirƙire ta ne musamman don yankinmu, kamfanin Serum na Indiya ya sarrafa ta a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Nau'in A shi ne ya yi ɓarnar 1996, kuma bayan wannan allura ya zama da wuya a gan shi. Da wasu nau'o'in suka taso, sai a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar. A 2012 aka kawo allura mai haɗe da rigakafi biyar a tsira ɗaya, don a rage wa jariri yawan huda. A 2014 aka ƙara ta namoniya, a 2022 aka ƙara ɗigon da ke kare jarirai daga wata gudawa mai tsanani. Namoniya da gudawa suna sahun gaba a cikin masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

A watan Oktoba na 2023 aka soma allurar sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Wannan ta tayar da ƙura, har wasu suka ce buɗe ƙofar alfasha ce. Sai dai mu sani cewa a 2020 kaɗai wannan sankara ta kashe mata kimanin 8,000 a Nijeriya, kuma ƙwayar da ke haddasa ta tana iya riskar mace kamila a ɗakin aurenta. Ana yin allurar da wuri ne domin ta fi aiki kafin aure. Malesiya, ƙasar Musulmi, tun 2010 take yi wa 'yan makarantarta.

A watan Disamba na 2024 kuma aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. Sau huɗu ake yin allurar, kuma ba ta hana zazzaɓi gaba ɗaya, rage yawansa da tsananinsa take yi. Don haka ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba. A Ghana da Kenya da Malawi, inda aka soma irinta a 2019, an ga mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓa ta ragu da kashi 13 cikin 100.

Amma ina amfanin sabuwar allura ga yaron da tsohuwar ba ta kai gare shi ba? Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, aka rasa rayuka sama da 1,000 a faɗin ƙasa. Mafi yawan waɗanda suka kamu yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Cuta ce da aka san rigakafinta kusan shekara ɗari, kuma yana cikin allurar sati 6, 10 da 14.

RIGAKAFI DA TAWAKKALI

Wasu bayin Allah sukan ce, yaro lafiyarsa ƙalau, neman maganin cutar da ba ta zo ba rashin tawakkali ne. Malamai sun amsa wannan tun tuni. Lokacin da Sayyidina Umar (R.A) ya nufi Sham ya sami labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su. Kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta tsare. Kuma duk wanda ya sauke farali a cikinmu, sai da ya miƙa damtse aka yi masa allurar sanƙarau kafin ya hau jirgi, domin hukumomin Saudiyya sun shar'anta haka. Yaya uba zai yarda da abu don tafiyarsa, ya hana shi ga jaririnsa?

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, shi ya sa sai kashi 95 cikin 100 na yara sun karɓa kafin a toshe mata hanya. Jaririn da bai kai wata 9 ba, kariyarsa tana hannun yaran da ke kewaye da shi. Wanda ya hana nasa, ya buɗe ƙofa a kan na maƙwabcinsa.

ABIN DA YA RAGE A KANMU

Na farko, tabbatar da labari kafin yaɗa shi. Alƙur'ani ya umarce mu da haka a cikin Suratul Hujurat. Saƙon murya da ke yawo a waya, ba a san mai shi ba, ba hujja ba ne. A cikinmu akwai likitoci da masu haɗa magunguna da ungozomomi masu tsoron Allah. A gayyato su masallaci da makarantun Islamiyya, a yi musu tambaya a bainar jama'a.

Na biyu, magidanta su ɗauki nauyin. Sau da yawa abin da yake hana uwa zuwa asibiti shi ne rashin izni ko rashin kuɗin mota. A adana katin yaro kamar yadda ake adana takardar gida. Idan aka ce ku dawo ranar kaza, ba lalle wulaƙanci ba ne, domin kwalbar allurar ƙyanda ta yara da yawa ce, in an haɗa ta sai a zubar da ragowar bayan awa shida, shi ya sa ake tara yara a rana guda.

Na uku, neman haƙƙi daga hukuma. Talaka yana da gaskiya in ya ce ana kawo masa ɗigo har ƙofar gida kyauta, amma in ɗansa ya kwanta babu ko maganin zazzaɓi a asibiti. Sai dai amsar wannan ita ce a matsa wa shugabanni su samar da magani da ruwa mai tsabta da ma'aikata, da firijin da zai riƙe allurai a sanyin da bai gaza digiri 2 ba bai wuce 8 ba. Huce haushin gwamnati a kan jariri ba ya kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nisa, mu daina zama masu jiran a kawo. Afirka tana sarrafa kimanin kashi 1 cikin 100 ne na alluran da take amfani da su. Ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas ya yi aiki daga 1940 har aka rufe shi a 1991. Indunusiya tana sayar wa duniya, Sanigal tana yin na zazzaɓin shawara a Dakar. Babban kaso na kuɗin sabbin alluran nan daga ƙawancen Gavi yake fitowa, wanda aka kafa a 2000, kuma tallafi ba ya dawwama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ilimin likitanci da haɗa magunguna farilla ce ta kifaya, in babu masu yi duk al'umma tana da laifi. Mu tura 'ya'yanmu maza da mata su karanta shi, masu hali su ɗauki nauyinsu. Ranar da namu ne suke haɗawa, namu ne suke gwadawa, ranar za a rufe bakin zato.

Ya ku 'yan'uwa, kafin waccan rana ta zo, jaririn da aka haifa a makon nan ba zai iya jira ba. Kowa ya koma gida ya nemi katin 'ya'yansa ya duba inda aka tsaya. Limamai su tuna wa jama'a a wurin raɗin suna. Yaro amana ne, kuma za a tambaye mu a kan amana.

Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa imani da lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.